Tururin kwamfutar tebur: mene ne gaskiyarsa, kuma yaya mai jin ciwo zai rage shi?

Shin kwamfutar tebur tana fitar da wani abu da ke sa ciwon kai, kasala da zafin fuska? Idan tana fitarwa, yaya wanda abincinsa ke gabanta zai rage shi ba tare da ya ajiye sana'arsa ba?

Tambayar ta daɗe, amma ta samu sabon ƙarfi a wajenmu tun hayaniyar 5G ta shekarar 2020, lokacin da saƙonnin WhatsApp suka ɗora wa sabuwar fasahar laifin korona har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ƙaryata. Korona ta lafa, kalmar "radiyeshin", wato tururin da ake cewa na'urori na fitarwa, kuwa ta zauna daram a bakin jama'a. Yanzu sai ka ji mai buga takardu a shago yana cewa da ya yi awa biyu a gaban allo kansa ya fara sarawa. Ka ji ma'aikaciyar ofis tana cewa fuskarta na ɗaukar zafi, in ta tashi daga tebur jiri na ɗibarta. Ga kuma masu tallan sitika da sarƙar wuya suna rantsuwa cewa kayansu na tsotse tururin. Masu sauraro sun kasu biyu, wasu su ce raki ne da camfi, wasu su ce ai kwamfuta guba ce aka ɓoye mana. Kowane ɓangare ya yi gaggawar yanke hukunci.

Abu uku ake kira da suna ɗaya

Da farko a cire wani abu daga lissafi. Tururin da ake gudu a ɗakin hoton ƙashi na asibiti, ko a tashar nukiliya, yana da ƙarfin lalata ƙwayoyin halittar jiki, shi ya sa ma'aikacin ke ɓuya bayan bango kafin ya danna. Kwamfutar zamani ba ta fitar da irinsa. Abin da ke kewaye da teburinka iri uku ne, halinsu daban, maganinsu ma daban.

Akwai ƙarfin lantarki da ke kewaye da duk wayar da aka jona. Ko na'urar a kashe take, muddin fulogi na cikin soket kuma soket ɗin a kunne, yana nan. Shi ne mafi sauƙin tarewa. Bango na rage shi, ƙarfen da aka haɗa da ƙasa kuwa shanye shi yake yi kusan gaba ɗaya.

Akwai ƙarfin maganaɗisu, wanda ba ya samuwa sai wuta na gudu a cikin waya. Wannan ba ruwansa da bango ko katako, ratsawa yake yi. Ya fi yawa a inda aka nannaɗe waya a wuri ɗaya, wato cikin taransifoma, sitabilaiza, UPS, inbata da injin da ke juya fanka. Rauninsa ɗaya ne: ba ya nisa.

Sai igiyoyin rediyo, na Wi-Fi da Bluetooth da rauta da wayar salula. Su kam da gangan aka ƙera su don su fita su yi tafiya, su ne 'yan aike.

Ana auna ƙarfin maganaɗisu da maikrotesla. Hukumar ICNIRP, wadda ƙasashe da yawa ke bin ƙa'idarta, ta sa iyakar jama'a a 200 ga irin wutar gidajenmu, a ƙa'idar da ta fitar a 2010. A wani jadawali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa daga awon da aka yi a Jamus, kwamfuta na ba da tsakanin 0.5 da 30 a nisan santimita 3 daga jikinta. Da aka ja baya zuwa santimita 30, sai ya faɗo ƙasa da 0.01. A jadawalin nan dai, injin aski na lantarki kan kai 1,500 a santimita 3, kuma a kan fatar mutum ake ɗora shi, ga shi ba mu taɓa jin wanda ya ƙaurace wa shagon aski ba. Abin riƙewa a lambobin nan shi ne saurin faɗuwarsu. Tamkar kaskon wuta ne a hunturu: ka ɗora hannu a kansa ya ƙona ka, ka ja da baya taku biyu ko ɗumi da ƙyar ka ji.

Daga ofisoshin Suwidin aka faro

A ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980, da kwamfuta ta fara cika ofisoshi a Norwe da Suwidin, ma'aikata suka fara kukan jan fuska da ƙaiƙayi da ƙuna in sun daɗe a gaban allo. Allon wancan zamani mai ƙaton ƙeya ne, irin na tsohuwar talabijin. A cikinsa akwai naɗaɗɗun wayoyi masu sarrafa hasken, da wuta mai ƙarfin dubban bolt, fuskarsa kuma tana janyo ƙura ta manne. Suwidin ba ta jira masana su gama gardama ba. A 1990 ta fito da ƙa'idar MPR II ta rage abin da allo ke fitarwa, a 1992 kuma tarayyar ƙungiyoyin ma'aikatan ofis ta TCO ta kawo tambarinta mai tsauri, wanda ya ce kada ƙarfin maganaɗisu ya wuce maikrotesla 0.2 a santimita 30 daga gaban allo. Kamfanonin duniya suka bi, don ba wanda ke son rasa kasuwa. Wanda ya taɓa sayen allo tokumbo zai tuna wata 'yar sitika a kusurwarsa mai rubutun TCO'99 ko TCO'03. Gadon wannan rikicin ne.

Daga baya allo mai ƙeya ya tafi, siririn allo ya maye gurbinsa, wanda ba shi da waɗancan wayoyi ko waccan wuta. Da tururin ne kaɗai matsalar, da maganar ta mutu a nan. Sai kukan ya tashi ya koma kan wayar salula, turakun sadarwa da Wi-Fi. Kuma ba kukan jahilai ba ne. A 2002 Gro Harlem Brundtland, likita, tsohuwar firaministar Norwe, wadda a lokacin ita ce shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya, ta faɗa wa 'yan jarida cewa wayar salula na sa ta ciwon kai.

Har yau ƙasashe sun bambanta. Suwidin na ɗaukar abin a matsayin naƙasa da ke hana mutum walwala, ba tare da ta ce an gano musabbabinsa ba. Faransa ta yi doka a 2015 da ta hana Wi-Fi a ɗakunan renon yara 'yan ƙasa da shekara uku, don taka-tsantsan. A Amurka akwai garin Green Bank a jihar West Virginia, inda aka taƙaita igiyoyin rediyo saboda na'urar hangen samaniya da ke wurin, wasu masu wannan kuka sun tattara sun koma can da zama.

Me gwaji ya nuna?

Hanyar gwadawa ba ta da wuyar fahimta. A zaunar da mai kukan a ɗaki, a ajiye na'ura kusa da shi, wani lokaci a kunne, wani lokaci a kashe, shi bai sani ba, mai yi masa tambayoyi ma bai sani ba. Sannan a tambaye shi: a kunne take ko a kashe, kuma me kake ji?

An yi wannan sau da yawa. James Rubin da abokan aikinsa a King's College da ke Landan sun tattara irin waɗannan gwaje-gwaje guda 46, da suka shafi mutum 1,175, suka wallafa sakamakon a 2010. Masu kukan ba su fi mai canki-canka iya gane lokacin da na'ura ke kunne ba. Ciwon kan na zuwa, zafin fatar na zuwa, amma yana zuwa ko na'urar a kashe take, muddin mutum ya ɗauka a kunne take.

Akwai wani gwajin na 2013 da ya fi ba ni tsoro, saboda ya yi kama da abin da WhatsApp ke yi mana kullum. Michael Witthöft da Rubin suka ɗauki mutum 147 masu lafiya. Rabi aka nuna musu wani shirin BBC kan haɗarin Wi-Fi, rabi aka nuna musu wani shirin da bai shafi lafiya ba. Sannan aka ɗaura wa kowa eriya a ka na minti 15, aka ce musu Wi-Fi ne ke shiga. Ba abin da aka kunna. Duk da haka mutum 82 suka ce sun ji alamun ciwo, biyu ma suka tashi kafin lokaci ya cika don sun kasa jurewa. Abin ya fi tsanani ga masu yawan fargaba da suka kalli shirin tsoratarwar.

Masana na kiran wannan nosebo, kuma a nan ne jama'a ke kuskuren fahimta. Ba ƙarya mutum ke yi ba, ba kuma taɓin hankali ba ne. In ƙwaƙwalwa ta yarda cewa cuta na tafe, zuciya na ƙara bugu, jijiyoyin wuya su ɗaure, fata ta ɗauki zafi, ciki ya murɗa. Ciwon na gaske ne, a jikin mutum yake. Matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka ke nan a takardarta ta Disambar 2005: alamun gaskiya ne, suna iya naƙasa mutum, amma babu hujjar kimiyya da ta ɗaura su ga tururin lantarki. Hukumar ANSES mai kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa ta sake bin diddigin maganar a 2018, ta tsaya kusan a wuri ɗaya.

Ƙungiyoyin masu kukan suna da martani, kuma ba duka ne abin watsarwa ba. Sun ce gwajin gajere ne, ciwon wasu sai bayan awoyi yake tasowa, ɗakin gwaji da kansa na tayar da hankali, waɗanda abin ya fi tsanani a kansu kuma ba sa iya zuwa. Saboda irin wannan ƙorafi ne wasu masu bincike a Holan suka bi mutum 42 har gida, kowa aka gwada shi da irin siginar da shi da kansa ya ce yana ji. Sakamakon da ya fito a 2017 bai sauya zani ba, ba a samu wanda ya iya ganewa fiye da dace ba.

Maganar cutar kansa, wato ciwon daji, daban ce, gajeriya kuma. A 2011 cibiyar IARC mai binciken ciwon daji a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyin rediyo a rukunin 2B, wato abin da "mai yiwuwa" ne yana da alaƙa da cutar kansa amma hujjar ba ta da ƙarfi. A 2024 wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, ƙarƙashin jagorancin masana daga Ostireliya, ya duba bincike 63 bai ga alaƙa tsakanin wayar salula da kansar ƙwaƙwalwa ba. Wayar da ake mannawa a kunne ke nan, balle kwamfutar da ke can gefe.

To in haka ne, me ya kawo maganar ragewa? A ganina ta cancanta, da sharaɗi. Kusan duk abin da ke rage tururi da gaske kyauta ne ko mai araha, kuma mafi muhimmancinsu gyaran wuta ne da ya kamata a yi ko ba wanda ke ciwon kai. Wanda ya san ya gyara teburinsa hankalinsa na kwanciya, kwanciyar hankalin kuwa magani ce a wannan ciwon. Sharaɗin shi ne a yi gyaran sau ɗaya a wuce wurin, kada ya zama sana'a.

Gyaran tebur: nisa, waya, ƙasa

Kwamfutar tebur ta fi laftof daɗin sha'ani a nan, domin gunduwa-gunduwa take. A laftof hannunka na kan injin kai tsaye. A ta tebur kuwa abin da kake buƙata kusa da kai uku ne kawai, allo da kibod da maus. Akwatin da muke kira CPU ba dole ya zauna a gefen gwiwarka ba, a matsar da shi mita ɗaya ko fiye. Wayar USB ta gama-gari na aiki har mita 5, wayar allo ma ana samun mai tsawo.

Leƙa ƙarƙashin teburin kowane shagon buga takardu ka gani. Sitabilaiza na gurnani a tsakanin ƙafafun mai aiki, UPS na jingine da ƙaurinsa, ekstenshin cike da caja, ragowar waya a nannaɗe. In akwai inda ƙarfin maganaɗisu ya taru a shagon, nan ne, ba allon da ake zargi ba. A ja su gefe mita ɗaya zuwa biyu, an gama. A kuma duba abin da ke bayan bangon da kujera ke jingine da shi. Idan mitar wuta ce, ko akwatin rarraba wuta, ko inbata da baturanta, tebur ɗin za a matsar, tunda bango ba ya tare maganaɗisu. Allo ya zauna nisan hannu, santimita 50 zuwa 70. Masu cire murfin gefen CPU saboda zafi su mayar da shi, don kwanon nan na ƙarfe shi ne garkuwar da ke riƙe hayaniyar lantarkin ciki. In zafi ne, a busa ƙurar da ta toshe fanka.

Igiyoyin rediyo kuwa wayar kebul ce maganinsu. Wayar intanet ta Ethernet na kai mita 100 ba tare da matsala ba, sau da yawa ma ta fi Wi-Fi tsayuwa. A kai rauta wani ɗaki ko bakin taga, a jawo waya zuwa kwamfuta, a kunna yanayin jirgin sama a Windows don ya kashe Wi-Fi da Bluetooth ɗin kwamfutar, a sa kibod da maus masu waya. Sai dai a san wanda ya fi wani. Yawancin ƙananan kayan Bluetooth ba sa wuce miliwat 2.5. Wi-Fi na zangon 2.4 GHz iyakarsa miliwat 100 a ƙa'idar Turai. Wayar salula ko MiFi a kan 4G na iya kai 200, tsohon layin 2G kuwa na iya harba wat 2, wato miliwat 2,000, a ƙololuwarsa. Wanda ya jefar da maus mara waya, ya bar wayarsa a aljihun gaban riga tana raba wa kwamfuta data, bai yi komai ba. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: waya na ƙara ƙarfin harbi ne idan netwok ya yi rauni. Ajiye MiFi a bakin taga inda sabis ya cika riba biyu ce, ta yi nisa da kai, ta kuma rage ihu.

Gyara na uku, wato haɗa kwamfuta da ƙasa, shi ne wanda ya fi shafar mu, kuma shi aka fi sakaci da shi. Da yawa mun san wannan: ka tsaya ba takalmi a kan siminti, ka kai hannu bayan CPU za ka cusa filash, sai ka ji wani zir a yatsa. Ko ka goga bayan hannu a jikin kwanon ka ji yana 'yar karkarwa. Ka ɗora testa, ta kawo wuta. Mutane kan ce ai haka kwamfuta take. Ba haka take ba, wayar ƙasa ce babu.

Ga yadda abin yake. A cikin akwatin wutar kwamfuta akwai wasu ƙananan na'urori da ke tace hayaniyar lantarki su zubar da ita a jikin kwanon, da nufin ta bi baki na uku na fulogi ta sauka ƙasa. In hanyar ƙasan a yanke take, kwanon sai ya tsaya da kusan rabin ƙarfin wutar gida, wajen bolt 115 a inda wuta ke 230. Abin da ke gudana kaɗan ne, shi ya sa tsikari kawai ake ji. Amma duk ƙarfen da ke haɗe da kwamfutar, har wayar kibod da maus da ke ƙarƙashin tafinka, ya zama mai watsa ƙarfin lantarki. Mai neman rage tururi ya sani cewa wannan gyaran ɗaya ya fi duk sauran tasiri a kan ƙarfin lantarki. Ranar da kuma wata waya ta sance a ciki ta taɓa kwanon, ba tsikari za a ji ba, domin jikin wanda ya taɓa ne zai zama hanyar ƙasa.

A ina hanyar ke yankewa? Wani gidan tun gini ba a kafa sandar ƙasa ba. Wani an kafa, amma ba a ja wayar zuwa soket ba. Sau da yawa kuma ekstenshin ne. Kwance ɗaya daga cikin masu arahar nan ka duba, baki uku a waje, siraran waya biyu a ciki, ramin na uku ado ne kawai. Ga fulogi mai baki biyu da ake cusawa bayan an danna ramin sama da murfin biro, ga wanda bakinsa na uku ya karye aka ci gaba da amfani da shi. Aikin mai gyaran wuta ne wanda ya san hannunsa: ya kafa sandar tagulla, ya ja waya mai launin kore da rawaya har soket ɗin kwamfuta, ya auna ya tabbatar, in da hali ya sa na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta fara zurarewa. Ɗaura waya a ƙusa a buga a bango ba wayar ƙasa ba ce, haka ɗaurawa a famfon roba. In an tashi aiki kuma a kashe soket daga bango, kwamfutar ma ta tsira daga wutar da ake kawowa da ƙarfi cikin dare.

An bar jaki ana dukan taiki

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, rashin tattara hankali. Waɗannan su ne alamun da masu kukan tururi ke lissafawa. Su ne kuma, ɗaya bayan ɗaya, alamun farko na shaƙar iskar kabon monoksaid da janareta ke fitarwa. Iskar ba ta da wari ba ta da launi, warin da kake ji na sauran hayaƙin ne. Duba tsarin yawancin shagunanmu: an ɗauke wuta, an tayar da ƙaramin janareta a bakin ƙofa ko a lungun baranda, na maƙwabci ma na nan, iska na turo hayaƙin ciki, mai aiki na zaune a ƙurya awa shida. In ciwon kanka ya fi zuwa ranar da ba wuta, ya sake ka in ka fita waje, kada ka tsaya zargin allo. Hukumar CDC ta Amurka na ba da shawarar a ajiye janareta aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Tururin kwamfuta ana gardama a kansa, wannan kuwa mun sha jin ya kashe iyali guda a dare ɗaya.

Sai ido. Mai kallon allo yana rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba, ido ya bushe, ya yi yaji, ciwon ya hau goshi. Haɗa da hunturu da fanka mai busowa a fuska. Busasshiyar iska na cikin abubuwan da aka zarga tun a ofisoshin Suwidin, kuma ita ce ke sa ka taɓa hannun ƙofa lokacin sanyi ka ji tas, ba kwamfuta ba. Likitocin ido na cewa duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Wanda ya haura arba'in yana matse ido kafin ya karanta ƙananan rubutu, tabarau yake buƙata.

Akwai kuma walƙiyar allo. Wasu allunan suna rage haske ne ta hanyar kunna fitilar ciki da kashe ta ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa. Ido bai gani, amma wasu mutane na jin ta a ka. Gwajinta mai sauƙi ne: rage hasken allon sosai, ɗora kyamarar waya a kansa. In ka ga baƙaƙen layuka na gudu, allon na walƙiya. Ƙara hasken daga maɓallin allon na rage ta, in za a sayi wani kuma a nemi wanda aka rubuta ba ya walƙiya. Ragowar sanannu ne: kujerar roba da tebur da ba su dace da juna ba har wuya ya sanƙare, taga a bayanka tana haska allo, ƙishirwa, rashin barci.

Kasuwar tsoro

Inda tsoro ya yi yawa, 'yan kasuwa ba sa nisa. A 2020 an sayar da wani filash a Birtaniya mai suna 5GBioShield a kan kusan fam 339, da da'awar yana kare mutum daga 5G. Da masana suka farke shi, filash ne na gama-gari mai megabait 128 da aka manna wa sitika. A Disambar 2021 hukumar kula da nukiliya ta Holan ta gargaɗi jama'a kan wasu kaya goma, har da sarƙoƙin wuya da ake tallatawa a matsayin kariya daga 5G, saboda an gano su kansu suna fitar da tururi mai cutarwa, irin wanda muka cire daga lissafi tun farko.

Sitikar da ake mannawa a bayan waya ko gefen allo, hankali kaɗai ya isa ya kore ta. In da tana tare igiyar rediyo da gaske, da kira bai shigo ba. In kuma ta tare rabi, wayar za ta ƙara ƙarfi don ta kai ga turke. Ƙananan mitocin awon tururi masu araha ma ba na ba da shawararsu ga mai fargaba. Suna ƙara a kan komai, ba sa faɗa maka ko lambar da ka gani kashi ɗaya ce cikin dubun iyaka, sai mutum ya wayi gari yana zagaye gidansa da mita yana neman abin tsoro.

Gwajin gida, da lokacin zuwa asibiti

Mai son sanin gaskiyar jikinsa zai iya yin irin gwajin Landan a gida. Ka samu ɗan'uwa amintacce. A rufe fitilun rauta da salatif, ka ajiye wayarka a wani ɗaki. Shi zai jefa kwabo a ɓoye, ya kunna ko ya kashe, ya rubuta. Kai kuma ka zauna rabin awa, ka rubuta abin da ka ji da abin da kake zato, kada ku haɗa takardu sai an yi kamar sau ashirin a ranaku daban-daban. Cin rabi dace ne kawai. Haka gyaran tebur, a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda ana rubuta yadda jiki ya ji, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Mai shago ko shugaban ofis da ma'aikacinsa ya kawo wannan kuka, dariya ba ta da amfani. Matsar da UPS da jawo wayar intanet ba su kai kuɗin rasa ma'aikaci ba, kuma wataƙila kukan nasa ne zai tona cewa ofishin gaba ɗaya ba wayar ƙasa.

In an yi gyaran nan ciwo bai tafi ba, sai asibiti. A auna hawan jini, a duba ido, sikari da ƙarancin jini, a faɗa wa likita in ciwon na ɓarin kai ne, a kuma faɗa masa in akwai damuwa ko rashin barci. Alamar da ya kamata 'yan'uwa su lura da ita ita ce gudun ya fara faɗaɗa: jiya kwamfuta, yau waya, gobe ƙwan fitila da rautar maƙwabci, har mutum ya daina zuwa aiki da taro. A nan ƙarin kariya ƙara ciwon yake yi, kuma zama da ƙwararren likitan halayya, wanda ke koya wa mutum yadda zai warware tsoro daga alamun jiki, na cikin abubuwan da bincike ya nuna suna taimakawa.

Wasu alamun kuwa ba a jira da su: ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, mutuwar ɓarin jiki, karkacewar baki, ɗaukewar gani, ko ciwon kai da amai da ke ƙaruwa kullum. In kuma mutum biyu ko uku a shago ɗaya suka kama ciwon kai da jiri lokaci guda alhali janareta na aiki, kowa ya fita waje nan take, a kashe injin, wanda ya galabaita a kai shi asibiti a faɗa musu hayaƙi ya shaƙa.